Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Dattawa da ke kishingiɗe a zaure da akwatin rediyo kusa da kunne, da iyayenmu mata da ke cikin gida ana ta fama da hidimar tuwon dare, da samari da ke jin mu ta wayar hannu a bakin shago ko a gareji, duka ina yi muku gaisuwar ban girma. Mas'alar da za mu duba a daren nan ita ce ta ilmin da mutum ke nema wa kansa da kansa, ko bayan ya bar makaranta ko kuwa bai taɓa shigarta ba, da fa'idar wannan ilmi a zamanin da sana'o'i ke mutuwa wasu na tsirowa tun mai sana'ar bai tsufa ba.

Da kaina zan fara, domin wanda zai yi wa jama'a nasiha ya kamata ya fara tona nasa asirin. Sa'ad da na shiga aikin rediyo, a kan zaren tef ake ɗaukar magana, kuma gwanintar ma'aikaci duk tana ga reza: in mai jawabi ya yi tari ko ya yi tuntuɓen harshe, sai ka riƙa juya faifan da hannu a hankali, gaba da baya, kana kasa kunne, har ka gane daidai inda tarin ya fara da inda ya ƙare, sa'an nan ka sa alama da fensir, ka yanke, ka haɗa baki biyu ka liƙe. Na yi shekara da shekaru a kan wannan har aka san ni da shi, nakan cire numfashi guda daga tsakanin kalmomi biyu ba wanda zai ji alamar ɗinki, kuma, Allah Ya gafarta mini, na ɗauka wannan hannu nawa shi ne jarina har ranar da zan ajiye aiki. Kwatsam aka wayi gari an girka kwamfuta a ɗakin haɗa shirye-shirye, wani yaro da bai kai sa'an ɗana na fari ba ya zauna gabanta, ya gama cikin 'yan mintoci abin da nakan yini ina yi. In ya yi kuskure ya taɓa maɓalli guda magana ta koma yadda take, alhali ni in na yi ɓarin yanka sai na durƙusa ina laluben guntun tef a ƙasa.

Wata uku cur na yi ina kushe na'urar nan, ina gaya wa duk mai saurarona cewa muryar da take fitarwa ba ta da armashi. Abin da ke cikin raina kuwa tsoro ne, da kunyar a ga mai furfura yana tambayar yaro. Da dai na ga ana ta raba aiki ana tsallake ni, sai na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na jira har kowa ya watse, na ce wa yaron nan, "Ɗana, zo ka nuna mini inda ake fara kunna abin nan." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, ai da tuni ka yi magana." Kullum bayan tashi yakan ba ni rabin sa'a, ni kuma in rubuta kowane mataki, in ya tafi in zauna ni kaɗai ina maimaitawa har mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin mamaki, ban cika wata biyu ba sai ga shi shi ma yana kawo mini nasa aikin in saurara, domin ashe ya san maɓallai sarai, amma bai san inda ake yanke jumla ba tare da an shaƙe mai maganar ba.

Daga nan na fahimci abin da malamanmu na fiƙihu suka daɗe da rarrabewa, wato usuli da furu'a, tushe da rassa. Kowace sana'a tana da nata tushen da nata rassan, kuma abin da iskar zamani ke karyawa galibi rassan ne. Reza reshe ce, kwamfutar ma reshe ce da wata rana za a sare, amma kunnen da ya san inda magana ke numfasawa tushe ne. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya yi bayanin cewa gwaninta tana zama a jikin mutum ne ta hanyar maimaita aiki har ya zame masa ɗabi'a, ya kuma lura cewa wanda gwanintar wata sana'a ta riga ta kama jikinsa da wuya ya ƙware a wata bayanta. Wannan ita ce cutar da ta kama ni, kuma ita ke kama mafi yawan gwanaye: hannun da ya saba da hanya guda yakan ƙi wata, mai hannun kuma ya riƙa kiran ƙyuyarsa da sunan kishin sana'a.

Kada wani ya zaci wannan juyi baƙon abu ne da intanet ta zo da shi. Kakanninmu fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro, tafiyar da kan ci watanni. Ayari kuma yana da madugu, yana da jagaba wanda ya haddace hanya da zango da mashaya da inda ake ƙetare kowane kogi, ilmin da ba ya samuwa sai da shekaru da tabon ƙafa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyo teku zuwa Ikko sa'an nan ya hau dogo, sai wannan ilmi na jagaba, duk da girmansa, ya rasa mai saye. A cikin waɗanda suka taso a fataucin goron nan akwai Alhassan Ɗantata, wanda ya san Gwanja ya san Kumasi, amma da ya ga inda kasuwa ta dosa sai ya juya ga gyaɗa, ya koyi sha'anin sikeli da awon tan da mu'amala da kamfanonin Turawa da ajiyar banki, abubuwan da babu makarantar da ta zaunar da shi ta karanta masa su, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma. Tushensa, wato sanin mutane da riƙon amana da lissafi, daga ayari ya taho da shi. Rassan ne ya sake. Dalar gyaɗar ma da ta zama alamar Kano ba ta dawwama ba, a shekarun 1970 ta rushe, leburori da 'yan baranda da masu ɗinkin buhu kowa ya kama gabansa.

Na kusa da mu kuwa, waɗanda suka san Kaduna sun san Kakuri. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu masaƙun suka biyo baya, har unguwar ta zama gari guda mai kwana da jiniya ya tashi da jiniya, dubban magidanta suna ci daga gare ta. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje da wasu dalilai da ba ma'aikaci ne ya jawo su ba. Ba na ɗora wa bayin Allah nan laifin komai. Sai dai na ga da idona cewa wanda ya riga ya koyi haɗa wayar wuta ko ɗinki ko riƙe littafin ciniki tun albashi na zuwa, shi ya fi saurin miƙewa, wanda kuwa bai san komai ba sai injin guda da ya tsaya gabansa shekara ashirin, shi aka bari a bakin ƙofa yana jiran haƙƙinsa. Haka marubutan wasiƙa na bakin gidan waya suka ɓace bayan shigowar wayar salula a 2001, masu tafireta na ƙofar kotu suka bi su, a maimakonsu kuma ga masu gyaran waya cike da kasuwar Farm Centre a Kano, ga masu POS a kowace kwana. A farkon 2013 aka hana acaɓa a Kano, samari da yawa suka kwana da sana'a suka tashi babu. Tun 2015 ɗalibi ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta. Daga ƙarshen 2022 kuma, da aka fito da ChatGPT, sai ga ƙirƙirarriyar basira tana rubuta wasiƙa tana fassara tana tsara lissafi, wato ta miƙa hannu ga aikin masu alƙalami, waɗanda a da suke ganin su dai sun tsira.

To, ina mafita? Ni a ganina ba sai mun je nesa ba, domin tsarin neman ilmi da kai yana nan a zaurukanmu tun kafin a san boko. Ku tuna yadda makarantar ilmi take. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar malam yana zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, wannan tela ne, wancan ɗan koli, ga mahauci, ga dattijon da ya girmi malamin. Kowa da littafinsa a gafaka, wani Ahalari, wani Ishmawi, wani Risala, wani ya kai Muhtasar, wani kuwa Ajuruma yake yi don gyara nahawunsa. Mai jiran layi yana ɗinkin hula yana sauraron karatun na gabansa. In layi ya zo kanka ka buɗe inda ka tsaya jiya, ka ja baƙi malam yana fassarawa, in ka ga ya ishe ka ka rufe, ka koma gida ka yi bita, ka yi muɗala'ar na gobe a gaban fitila. Babu rajista, babu ƙararrawa, babu mai bin ka gida in ka yi fashi, babu kuma takardar shaida da ake jira a ƙarshen shekara. Kai ka zaɓi fannin, kai ka zaɓi malamin, in ka sauke littafi ka ji akwai wani masani a Zariya ko Sakkwato da ya fi ƙwarewa a na gaba, kai za ka ɗauki buzunka ka tafi. Littafin nan na Zarnuji, Ta'alimul Muta'allimi, da ɗalibanmu suka saba karantawa, babi guda ya ware a kan zaɓen ilmi da malami da abokin karatu, wanda ke nuna cewa tun asali nauyin zaɓen a wuyan ɗalibi yake.

Wannan shi nake nufi da koyar da kai, domin akwai masu zaton ma'anarsa ita ce karatu ba malami, alhali ba a taɓa yin ilmi ba malami ba. Ma'anarsa ka zama kai ne hedimastan kanka, kai ne mai duba fashinka, kai ne mai yi wa kanka jarrabawa. Illar da boko ta yi mana, duk da ɗimbin alherinta, ita ce ta saba mana da cewa karatu abu ne da ake kaɗa wa ƙararrawa a fara, a kaɗa a tashi, a ba da takarda a ce an gama. Har ka ji mutum da bakinsa yana cewa ya gama karatu, kalmar da ɗalibin zaure ba zai yarda ta fito daga bakinsa ba.

Su ma 'yan bokon farko ba haka suka ɗauke shi ba. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna cikinta ba, kuma a zamanin mulkin mallaka akawuna da malaman makaranta da yawa a ƙasar nan sun yi karatu ta gidan waya, su aika da kuɗi Ingila, makarantu irin su Wolsey Hall su aiko da darasi, mutum ya yi aikin a gaban fitilar ƙwai bayan ya taso daga ofis, ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya dawo. Ta irin wannan hanya Obafemi Awolowo ya sami digirinsa na kasuwanci a 1944, kafin ya tafi karatun lauya. A nan Arewa kuma, a shekarun 1950, Yaƙi da Jahilci ya zaunar da magidanta masu gemu a gindin bishiya suna koyon baƙaƙe, su sayi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo su yi ta haɗa kalmomi har su iya karanta wasiƙarsu da kansu. Wanda ya jira darasi wata guda a jirgin ruwa, me zai ce da mu da darasi ke cikin aljihunmu?

Akwai wani bakanike da nake kai wa mota, mutum ne da ya haura hamsin, bai yi boko ba ko na rana ɗaya, allo kawai ya yi. A zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, in ya kwance kafireta ya wanke ya busa ya mayar, ya sa kunne ya daidaita ta da sukudireba, sai ka ji inji yana kaɗawa kamar agogo. Da motoci masu injekta da ƙwaƙwalwa suka cika gari, sai ciniki ya fara ja da baya, domin mota za ta zo da 'yar fitila tana ci a gaban direba, a buɗe bonet a ga komai lafiya, a yi ta canje-canjen kaya bisa zato har mai mota ya fusata. Kwanan baya na je na tarar da shi zaune a kujerar direba, ya soka wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, irin ramin da aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996, yana duba lambar da ta fito. Sai ya jawo wani littafi da baƙin mai ya rine, ya bi shafi da yatsa, ya ce wa yaronsa, "Kai, silinda ta ɗaya ce ba ta ƙona mai, ciro filoginta mu gani." Na leƙa littafin, sai na ga P0301 da lambobin boko, a gabanta kuma fassara da ajami, shafi bayan shafi. Na ce, "Maigida, wa ya koya maka wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ɗana ke karanta mini Turancin da dare, ni kuma in rubuta da namu. Na'urar tana faɗa mini inda ciwo yake ne kawai, sanin maganin ai sai mu." Ya ce shekara biyu ke nan yana tara lambobin, kuma ya fara ne tun masu tsofaffin motoci ba su daina zuwa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku lura da littafin nan nasa, domin a nan ne masu koyo ta waya da yawa ke yin asara. Kallon gwani yana aiki a YouTube yana da daɗi, har yakan sa mutum ya ji kamar shi ma ya iya, alhali bai taɓa ko sifana ba. Sai an ajiye wayar, an ɗauki abin da hannu, an ɓata, an gyara, an rubuta abin da aka gano, sa'an nan karatu ya zauna. Abu na biyu kuma da ya fi wannan hatsari, waya ba ta da isnadi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya wallafa, Ida'un Nusukhi, don ya ambaci shaihunan da ya ɗauki ilmi a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne, saboda magabata ba sa karɓar ilmi sai sun san daga inda ya fito. Yau kuwa kowa malami ne, wanda ya sani da wanda ya ji an ce, da ɗan damfara mai tallar kwas ɗin da zai mai da kai attajiri kafin sallah. Mun ga yadda a 2024 samari da 'yan mata, har da wasu dattawa, suka kwashe watanni suna dangwalar fuskar waya dare da rana da sunan haƙar kuɗin intanet; da rabin wannan himma aka zuba a koyon haɗa sola ko gyaran famfo ko Turanci ko lissafin ciniki, da yanzu wani zancen ake yi. Saboda haka kafin ka miƙa wa wani lokacinka, balle kuɗinka, tambayi wanda ke cin abinci da sana'ar, ka nemi ganin aikin hannun mai koyarwar, ka kuma gwada abin da ya faɗa a kan ƙaramin abu da ba za ka yi kuka ba in ya lalace.

Ba kuwa ina cewa himmar mutum ita kaɗai za ta buɗe masaƙar da ta rufe ba, ko ta kawo wutar da za a yi cajin wayar, ko ta rage tsadar data. Waɗannan haƙƙoƙi ne a wuyan hukuma, kuma nasihata ba ta sauke mata su ba. Akwai kuma fannonin da shari'a da hankali duka suka hana a shige su ta taga, kamar likitanci da haɗa magunguna, waɗanda dole sai an zauna gaban masana an sami izini. Wanda yake son takardar shaida alhali aiki ko aure ya hana shi komawa aji, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, duka an kafa su ne don karatu daga nesa. Iyayenmu mata kuma, waɗanda tun zamanin Nana Asma'u da matan da take turawa koyarwa ilmi ke iske su har cikin gida, rabin sa'a bayan an kwantar da yara ta ishi mace ta koyi sabon yanka na ɗinki ko yadda ake rubuta shiga da fitar kuɗin sana'arta, in dai rabin sa'ar ta kullum ce.

Ni dai rezata tana nan a aljihun tebur, ta yi tsatsa. Makon jiya aka nuna mini wata manhaja da ke sauraron hira ta rubuta ta da kanta, ta kuma share tari da gyaran murya ba tare da an taɓa komai ba, sai na ji tsohon tsoron nan ya motsa a cikina, har bakina ya fara shirin cewa aikinta ba shi da armashi. Da na taso sai na biya kanti na sayi sabon littafin rubutu. Jikata ce malamar a wannan karon, ta sa mini darasi bayan sallar isha'i, ta kuma ce, "Kaka, in ka makara ba zan jira ka ba." Ga shi agogon ɗakin nan yana nuna mini lokaci ya yi, sai in yi hanzari. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, wassalamu alaikum wa rahmatullahi.